Ranar da Na Fasa Talabijin Ɗin Baba

A wani bene da ke bayan titin Guangyuan a ƙasar China, hawa na shida, akwai wani dattijo mutumin Maradi da ke sayar da tuwo a falonsa. Baba muke ce masa. Bizarsa ta mutu tun kafin in zo karatu, kowa ya sani, shi ya sa ko cefane aike yake yi. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, ɗan sanda a bakin ƙofarsa.

Talabijin ɗinsa tasha ɗaya ya sani, wata tashar Indiya ta waƙoƙi da gasar rawar samari. Baba ko gaisuwa bai iya da Indiyanci ba. Amfaninta daban ne. Bangon gidan ba kauri, kuma maƙwabciyarsa, wata tsohuwa 'yar China, ta saba da kiɗan, iyakarta ta buga bango. Ihun mutane ne ba ta yafewa. Don haka da zarar gardama ta yi zafi tsakanin 'yan kasuwa, sai Baba ya ɗauki rimot ya ƙure murya. "In za ku daku, ku daku," in ji shi, "amma baki a rufe." Na taɓa ganin ƙarti biyu sun yi wa juna jina-jina, har haƙori ya faɗi cikin miya, ba abin da ke tashi sai kiɗa. Aka share jini, aka ci gaba da cin tuwo.

Ni kuwa ɗan Kano ne, da waƙar Indiya aka yaye ni. Wata rana bayan na ƙoshi, shaiɗan ya hau kaina, na miƙe na kwaikwayi rawar da ake yi a tashar, har da karya wuya. Aka yi ta dariya. Ashe wani ɗan kasuwa mutumin Yamai, mai sayen yadi, ya ɗauke ni a waya. Daga wannan zauren hira na waya zuwa wancan, bidiyon ya isa hannun mahaifina. Ya kira ni, ya ce, "Karatun da na tura ka ke nan?" Ya kashe waya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ni in na ji kunya zuciya take zama.

Ranar Asabar bayan azahar na hau benen nan, ko sallama ban yi ba. Mai yadin yana zaune yana cin tuwo. Ya ɗago ya ce, "A'a, ɗan rawa, sannu da zuwa!" Kwanon miyarsa na ɗauka na kife masa a fuska. Ya taso ya yi min karo da ka, na ji leɓena ya tsage. Na shaƙe shi, ya cije ni a hannu, muka faɗa kan tebur, ƙafar teburin ta karye. Na dinga kai masa naushi a hanci har hannuna ya yi santsi. Ina jin kiɗa yana ƙara tashi, Baba na kan aikinsa. Ba wanda ya raba mu, kowa ya janye kwanonsa kawai.

Da ya samu ya kufce, jini na zuba a rigarsa, sai ya nuna talabijin. Samari ne ke ta tsalle, irin rawar da na yi sak. Ya matso kunnena ya ce, "Ga 'yan'uwanka can."

Kujera na ɗauka. Ba shi na jefa ba, talabijin ɗin na maka wa. Gilashi ya tarwatse, kiɗa ya ɗauke, sai muryata kaɗai a falon, ina zage-zage iya ƙarfina. Sai da na ga idon Baba sannan na gane abin da na yi. Yana tsaye da rimot a hannu, yana ta dannawa.

Tsohuwar ba ta buga bango ba. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

'Yan sanda uku ne. Suka jera mu, kowa ya fito da fasfo. Nawa lafiya lau, da bizar ɗalibi. Na mai yadi ma haka. Da aka zo kan Baba, ya buɗe tafin hannu ya ce, "Meyo," wato babu. Ya roƙi su bar shi ya kashe gas, suka bar shi. Ya rufe tukunyar tuwo, ya sa hularsa.

Na so ya zage ni, wallahi na so. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya dubi bakina ya ce, "Ɗana, ka wanke leɓen nan da ruwan gishiri, kada ya kumbura."

Ni gargaɗi kawai aka yi min. Shi aka tsare shi, daga baya aka sa shi a jirgi. Mahaifina ya daɗe da hucewa, har ya kan tsokane ni da rawar. Lambar Baba ta Maradi tana wayata shekara da shekaru, ban taɓa iya kira ba.