Ruman ɗin Baturen Uhudu

Ko tsufa ya kwashe komai daga kaina, ba na jin zai kwashe yinin da aka ari idanuna.

Lokacin ina tsaron rumfar dabino da kayan marmari a gindin dutsen Uhudu. Akwai wani dattijon Bature ɗan ƙasar Holan da ya musulunta, nakan kai masa sayayyarsa har ɗaki. A garinsu zanen barkwanci yake yi wa jaridu, ya kumbura hancin manya, mutane su yi dariya. Da ya zo Madina ya daina zana fuska, sai abin da ba shi da rai: buta, faranti, dabino.

Matarsa ta rasu a nan, shi kuma idonsa ya fara mutuwa. Burinsa ɗaya, ya kammala zanen teburin da ta bari, da kofinta da ruman ɗin da ta saya ba ta kai ga fasawa ba, kafin duhu ya rufe shi.

Wata la'asar na same shi riƙe da buroshin zane.

"Ya waladi, ɗana, dubo mini ruman ɗin nan. Wane launi ne?"

Ni da littattafan soyayya suka raina, sai na ce, "Baba, ja ne jawur, kamar kumatun amarya."

Ya yi wata busasshiyar dariya. "Amaryarka ta kwana biyu a rana ke nan. Na sha yi wa fuskokin mutane ƙarya ana biyana, na san muryar maƙaryaci. Faɗa mini gaskiya."

Na sake dubawa. Ruman ɗin ya yamutse, ya yi baƙi, gefensa ya rufta. Da ƙyar na faɗa masa.

Hawaye ya bi gemunsa, sannan ya ce, "To miƙo mini fenti ruwan ƙasa, ka kama hannuna ka kai shi wurin."

Haka muka gama shi kafin magariba, shi da hannu, ni da ido. Bai ƙara zana komai ba, domin kafin azumi ganinsa ya tafi.

A da na ɗauka ƙauna ita ce daɗin baki. Yinin nan ya koya mini cewa wanda ya dogara da idonka, ko abin da ka gani mai ɗaci ne, shi za ka faɗa masa.