Jar igiyar da ke wuyan hannun Yaya Tambari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 19 ga watan Agusta, bayan La'asar, yayana Malam Tambari, wanda duk Kaura Namoda ta sani da Na-Teku, ya koma ga Mahaliccinsa a cikin gulbin Gagare. Ina cikin kwale-kwalen. Abin da zan faɗa, da idona na gani.

Yaya, tun a wurin jana'iza nake jin ana cewa tsufa ne da taurin kai suka jefa ka ruwa. Masu faɗin haka, wasunsu rigunansu ba su gama bushewa ba. Don haka na ɗauki alƙalami.

Ina 'yar firamare ka bi jirgin ƙasa da shanu zuwa Legas, ka shekara ashirin da biyu a jiragen kamun kifi. Da ka dawo, majalisa ta mai da kai abin dariya: Bazamfare ɗan gero, me ya kai shi teku? Kai kuwa sai ka yi murmushi, ka ba mu labarin ranar da tsohon taru ya naɗe farfelar jirginku, kuna tafiyar kwana uku daga gaɓa, ba kwa ganin komai sai ruwa. Ka ce ka ɗaura igiya a ƙugu, ka ɗaure wuƙa a hannu, ka jira bayan jirgi ya ɗaga ya sauka, don idan ya same ka a ƙasa zai fasa maka kai. Sau tara ka nutsa kafin ka yanke tarun. Amma kullum a wuri ɗaya kake tsaida labarin: kyaftin ya zare makullin inji ya rataya maka a wuya kafin ka taɓa ruwa. Ka ce, "Mardiyya, wanda ke ƙasan jirgi shi ka riƙe makulli. Ko sarki na ciki."

Ba ka taɓa mallakar jirgi ba. Injin ban-ruwa kake gyara wa 'yan lambu, kai ne kuma ka koya wa yaran unguwarmu iyo bayan ruwa ya ci ɗan maƙwabta. Lokacin da mijina ya rasu, shekara uku kana kawo mini dami a kan keke, ka ajiye a zaure ka tafi kafin in fito in yi godiya.

Ran nan muna dawowa daga ta'aziyya a tsallaken gulbi. Ruwa ya cika har ya ci gonaki. Mun fi talatin a jirgin, yawanci mata da goyo. A tsakiyar gulbi inji ya yi tari ya mutu. Gidan sauro ne, irin wanda ake rabawa kyauta mutane su mai da shi komar kifi, ya naɗe farfela. Sabo mai tuƙi ya kasa ɗago injin, domin shi da kansa ya ɗaure shi da waya tun bara. Ruwa ya juya mu a karkace, yana jan mu zuwa ƙafafun tsohuwar gada. Duk wanda ke ciki ya san abin da zai faru idan muka daki siminti.

Ka cire riga ka ba ni. Ka zare jar igiyar nan ta inji, wadda idan babu ita ba ya tashi, ka ɗaura a wuyan hannunka. Ka dubi Sabo ka ce, "Kak ka taɓa shi sai ka gan ni bisa." Ka nutsa. Ka taso da tsumma a hannu, ka ja numfashi, ka koma. A tasowa ta uku ka ce saura kaɗan.

Sai aka ji babura a bakin gaɓa. A ƙasarmu yanzu ba sai na bayyana wa kowa abin da ƙarar babura da yawa ke yi wa zuciya ba. Wani ya ce, "Su ne!" Maza suka hau Sabo da ihu ya ta da inji. Na ce yayana na ƙasa. Na faɗa sau uku, har na riƙe wa Sabo riga. Ya fizge, ya ciro guntun robar tayar keke daga aljihu, ya ɗaure madannin da jar igiyar ke riƙewa, yadda suke yi kullum idan ta ɓace, ya ja igiyar ta da inji. Inji ya tashi, domin ka riga ka gama aikinka. Ruwan bayan jirgi ya canja launi.

Baburan kuwa na 'yan ɗaurin aure ne daga Sakajiki.

Na san tsoro, ni ma na ji shi ran nan. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ya faɗa. Na yi karatu daidai gwargwado, ban jahilci ƙaddara ba. Amma ban taɓa karanta inda aka ce ƙaddara ce ke yawo da roba a aljihu ba. Jiya na koma mashigi. Jirgin yana ta jigila, injin na ɗaure da waya, robar tana nan a madanni. Gobe wani zai shiga ƙasansa. Ku da kuka sauka lafiya ran nan, ba na roƙonku kuka. Ku daina cewa tsoho ya yi ganganci, ku je ku tsaya a kan Sabo sai ya cire robar nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hafsat, da 'ya'yanka Mubashir da Nazifa, da dangi na Kaura da Zurmi. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya yalwata kabarinka fiye da tekun da ka ratsa. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ma Ya sanyaya mini zuciya, don ban kai ga yafewa ba tukuna.

Masu wanka sun ce da ƙyar suka kwance jar igiyar daga hannunka. Hafsat ta ba ni. Gobe da safe zan kai wa Sabo, in tsaya har ya mayar da ita wurinta.