Jawabin Fanka a Kasuwar Rogo

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a kasuwar Rogo na yi wa abokin hamayyarmu yaƙin neman zaɓe kyauta ba. Ku da kuke wannan aiki na siyasa yanzu, ku saurara.

Lokacin da Turawa ke shirin tafiya, ni ne sakataren jam'iyyarmu na Karaye da Rogo. Aikin sakatare shi ne rubuta takardar neman izinin lacca, da nuna wa mutane akwatin da za su jefa ƙuri'a, don kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa. Ɗan takararmu Malam Isiyaku tela ne, wanda ya sayar da keken ɗinkinsa ya shiga takara. Wanda muke son kayarwa kuwa Alhaji Bawa ne, wakilinmu a majalisar Ikko, bawan Allah da ba ya takura wa talakawansa da yawan ziyara.

Dabara ta zo mini. Duk abin da wakili ya faɗa a majalisa ana buga shi a littafi. Na tafi Kano, wani akawu abokina ya samo mini littattafan, na kwana uku ina bin su shafi-shafi. A duk zamansa, sau ɗaya Alhaji ya buɗe baki. Ga jawabin gaba ɗayansa: "Ya Shugaba, fankar nan ta yi ƙarfi."

Da na karanta wa Malam Isiyaku, har ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Sakatare, ai ka gama da shi. Ajiye maganar rijiyar Gwangwan da gadar Ruwan Bago da muka shirya yi wa jama'a, wannan kaɗai ta isa."

Ranar kasuwa bayan azahar na hau tebur, izini a aljihu, littafi a hannu. Na gyara murya na karanta jawabin da Turanci, na fassara, na tsaya jiran dariya.

Sai wani dattijo mai shanu daga Gwangwan, Baffa Jauro, ya dogara sandarsa ya ce, "Malam, to an rage fankar?"

Gaskiya ta ci ni. Na duba na ce, "Baffa, littafi ya ce an rage."

Ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Magana ɗaya ya yi a gaban Bature, aka tashi aka bi. Wannan kuwa tun ɗazu yake surutu, ko akuya ba ta matsa ba."

Kasuwa ta ɗauki sowa. Kafin mako ya zagayo, makaɗan Alhaji sun sa abin a waƙa. Har Alhajin ya turo mini ɗan aike, wai in taimaka masa da fassarar a rubuce.

Aka jefa ƙuri'a, muka sha ƙasa. Malam Isiyaku ya koma ɗinki a keken aro, bai ƙara kirana sakatare ba. Alhaji ya tare ni a Karaye, fuska a sake. Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da arziki." Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Wallahi ni kaina na manta na taɓa yin jawabi."

Na daɗe ina cewa jahilci ne ya kayar da mu, har na gamu da Baffa Jauro a hanyar Gwangwan yana koro shanu daga mashaya mai nisa. Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, me ya sa ka yi mini haka?"

Ya ce, "Tun hantsi na bar dabbobina na taho, don an ce za ku yi maganar rijiya. Na zo na tarar kana ta fanka. Ni ban taɓa ganin fanka ba, Malam. Ƙishirwa na sani."

Abin da na koya ke nan a wannan sana'a. Talaka ba ya barin aikinsa ya zo lacca don ya ga wayonka. Idan ka hau tebur ka manta da abin da ya kawo shi, zai yi dariya kam, amma kai zai yi wa.