Salatin da jikata ta ci

Na leƙa garkar da nake sayen salati a bayan Tasawa, sai na tarar da mai garkar yana ɗibar ruwan ban-ruwa daidai inda kwatar unguwa ke zuba cikin tabki.

Na ce, "Ɗana, wa ya tace ruwan nan?"

Ya yi dariya. "Baba, ai ya kwanta. Launi bai sake ba, ba wari. Ko alwala sai ka yi."

A lakwal, wato makarantar boko, an koya mana ruwan ƙazanta sai an tace, an auna, kafin ya taɓa ganye. Dokar tana nan a takarda. Mai aunawar ne har na tsufa ban gani ba.

Jiya jikata ta ci salatin nan da ƙuli-ƙuli. Tun safe nake taɓa goshinta.

Ku fa, kun san ruwan da naku ya sha?