Taƙi ɗaya a gorar Barau

Barau dai ba wani babban mutum ba ne, kada ku je ku ce na ce. Leburan dogo ne. Bamaguje ne na unguwarmu, can bayan Mairuwa, inda layin jirgi ke yin kwana kafin ya miƙe ya nufi Gusau. Gajere ne, ga faɗin ƙafa kamar ta raƙumi. Aikinshi guda: gari na wayewa ya saɓa guduma da sifana, ya bi dogo a ƙasa yana ƙwanƙwasawa. In ƙarfe ya amsa garau ya wuce, in ya amsa kamar mai mura ya durƙusa ya ɗaure noti. Shekara ashirin da bakwai yana wannan abu.

Matarshi Asibi yayata ce, ciki ɗaya. Maciji ya sare ta wajen yankan dawa, ba ta kai magariba ba. Aka rufe ta gindin tsamiyar gidansu. Mu a lokacin kowane gida da iccenshi, kuma gindinshi ake kai manyan gidan. Tsamiyar su Barau ta riga dogo zuwa wurin, waɗanda suka shimfiɗa ƙarfen ma ratse mata suka yi, ita kau ta yi ta ƙara kauri. Ubanshi na nan, kakanshi na nan. Gefen Asibi ya bar wuri ya ce nashi ne, kullum ya dawo aiki sai ya share shi. In kaka ta yi ya zuba mata giya ƙoƙo ɗaya a saiwa, ya zauna ya ba ta labarin wa ya yi aure, wa ya haihu.

Ɗiyansu biyu. Sagiru ya musulunta yana ɗinki a Kankara, Rahila ta auri mai wa'azin coci a Sabuwa. In sun zo gida, shi ba ya shiga inda giya take, ita ba ta son ganin ƙoƙon. Amma inuwar tsamiya kowa na zama.

To akwai doka, ku riƙe ta, don kanta maganar take. Duk wanda ya fara sa wa iccen gida gatari, ba a rufe shi a inuwarshi. Sara na farko shi ke ɗaukar laifin.

Wata shekara, lokacin jirgi ya fara ja da baya, sai a yi wata ba a ji kukanshi ba, sai ga Malam Gide, shugaban leburorin, ya zo da gora doguwa da gwangwanin jan fenti. Ya ce za a wuce da wani inji daga bakin teku zuwa wajen Gusau, ya fi ƙarfin mota, ya fi tarago faɗi.

"Baba Barau, sarkin guduma, yau ka zama tela," in ji shi. "Ka kafa gindin gorar nan jikin dogo, ka kwantar da ita waje. Duk abin da ta taɓa, shafa mashi ja, a kawar."

"Ko rumbun mutum ne, Malam?"

"Ko surukarka ce, shafa mata."

"Ta riga ta kawar da kanta," in ji Barau. Suka yi dariya.

Ya bi layi yana awo. Ya shafa wa suri, ya shafa wa reshen ɗorawa, ya shafa wa jinkar rumbun wani mutum har suka yi cacar baki. Rana ta uku ya iso tsamiya. Ya kafa gora, ya kwantar. Ba ta kwanta ba. Bakinta ya tokare da jikin iccen, saura taƙi ɗaya, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, shi ke nan. Ya auna da hantsi, ya dawo ya auna da azahar, kamar icce zai rame kafin la'asar. Ya tsaya ya dubi wurin da yake sharewa. Sai ya zaro adda, ya datse taƙi ɗaya a bakin gorar, ya goga ƙasa a wurin don kada farin ya nuna. Guntun ya jefa aljihu. Ya sake kwantar da gora, ta wuce lafiya lau.

Da Malam Gide ya zo dubawa ya ce, "Tsamiyarka fa, Baba?"

"Ta wuce."

"Alhamdulillahi. Wallahi ita nake ta tunani. Tunda kai ka auna, ba sai na sake ba."

Wannan maganar ta fi zagi yi mashi ciwo. Kwana tara bai ci tuwon kirki ba. Na kai mashi fura, na ce, "Mijin yaya, ko budurwa ce ta ƙi ka?" Ko harara bai yi mani ba, shi da ba ya barin ta kwana.

Ranar da abin zai wuce, mutane har daga Ruwan Godiya sun zo kallo. Tun jiya ya baro Funtua, don tafiyar ƙafa yake yi, tsohuwa da sanda ta iya wuce shi. Kai, jikokina, ban taɓa ganin irinshi ba. Taragon shimfiɗaɗɗe, cikinshi kamar ya taɓa ƙasa, ƙafafu ba su ƙirguwa. Abin na kai kamar an haɗa rumbu uku, an lulluɓe da koren tamfol, an ɗaure da sarƙa mai kaurin dantse, kafaɗunshi sun zarto dama da hagu. Ƙarfen dogo na ta nishi a ƙarƙashi. Leburori na tafe jikinshi gefe da gefe suna duban sarƙa. Barau na gaba da tuta biyu, kore da ja.

Da suka doso kwanar, ya waiga. Ya ga Malam Gide ne a gefen tsamiya, hannunshi bisa tamfol yana tafe yana raha, ko gabanshi ba ya dubawa, don an ce mashi hanya ta buɗe. Ya ga inda kafaɗar injin za ta bi. Ya ga mata da goyo sun cika ɗaya gefen, inda abin zai kife in ya daki icce. Tsamiya dai ba ta sunkuyawa. Saura kamar taku hamsin ya ɗaga jar tuta.

Jirgi ya tsaya da ƙara. Malam Gide ya sheƙo.

"Lafiya, Baba? Dogo ne ya buɗe?"

Barau ya sa hannu aljihu, ya ɗauko guntun gorar, ya sa mashi a tafi. Malam Gide ya juya shi. Ya ce a kawo gora, ya haɗa bakin da bakin, suka zauna daram.

"Baba, da ka faɗa mani."

"Da na faɗa, me za ka yi?"

"Da na sa an sare ta."

"To, ka gani."

Aka kawo gatura. Leburori suka ja da baya, har masu sallar cikinsu. Wani ya ce, "Tsamiya? Malam, ina da ɗiya ƙanana." Malam Gide ya ce bari ya aika Funtua a zo da masu zarton inji, su ba ruwansu. Barau ya girgiza kai. Ya ce baƙo bai san inda mutane ke kwance ba, kan Asibi zai kayar da ita. Kuma ba a ɗora wa wanda bai sani ba kayan da ba nashi ba.

Ya ɗauki gatari. Na riƙe mashi riga.

"Mijin yaya, ka san doka."

"Na sani, ƙanwa. Sakar mani riga, guda ce gare ni."

Ya durƙusa gindin iccen, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji me ya ce ba. Ya miƙe, ya tofa yawu a tafi, ya sara. Gatarin ma tsalle ya yi ya dawo, don taurin iccen. Amma ɓawo ya fita. Daga nan sauran suka sa hannu. Kwana biyu ana sara, jirgi na tsaye, mata na sayar wa leburori ƙosai. Barau ya nuna inda za a ɗaura igiya, tsamiya ta faɗi can wajen gona, ko ganye bai taɓa kabari ba. Aka rage kututturen har ƙasa. Abin ya wuce a hankali, inuwarshi ta bi ta kan Asibi ta tafi. Wasu suka ce na lantarki ne, wasu suka ce na masaƙa. Mu dai ba mu ƙara jin labarinshi ba.

Bayan nan jirgi bai yi wani zuwan kirki ba, ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ciyawa ta cinye dogo. Masu baki suka riƙa cewa, "Barau, ka sare a banza." Ya kan ce, "Ranar dai ba a banza ba." Sagiru da Rahila in sun zo, ba wurin zama tare, kowa ya gaida shi a tsaye ya kama hanya.

Wata la'asar na ishe shi da gorar nan yana awo a fili. Ya ce yana neman inda inuwa ke tsayawa a da, ya san wurin, nan akuyarshi ke kwanciya. Ya samu, ya ƙara taƙi ɗaya waje, ya kafa dutse. Ya ce, "Ke za ki nuna masu."

Bara waccan ya rasu, da damina, ciwon ƙirji. Ranar ce kaɗai na ga Sagiru da Rahila bakinsu ya zo ɗaya.

"Inna, gefen uwarmu za a sa shi," in ji Sagiru. "Wace inuwa kuma? Iccen ma babu."

"Shekara nawa yana share wurin nan, Inna?" in ji Rahila, tana kuka.

Wallahi ni ma haka na so. Amma amana ce. Na ce, "Ubanku ya ce icce ya faɗi, doka ba ta faɗi ba." Na kama hannunsu na kai su wurin dutsen. Nan aka haƙa.

Kututturen nan ya yi toho, awaki na ta cinyewa, sai da Rahila ta zo ta kewaye shi da ƙaya. Sagiru ya ce in tsamiyar ta girma wata rana inuwar ta kai kan ubansu, ba wanda zai ce an karya doka. Yanzu ta kai ƙuguna. Tsamiya ba ta da sauri, ni dai ba zan gani ba.