Likita Sai-An-Auna da Ranar da Na Amsa da Eh

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, ina wanke hannu zan shiga ɗakin aiki aka ce mini ka rasu, Likita. Na daɗe tsaye famfo yana zuba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a ƙarƙashinka a sashen zuciya. Mu muka laƙaba maka Sai-An-Auna, ka sani, ka yi kamar ba ka sani ba. In hoto ya nuna jijiyar zuciya ta tsuke, ƙananan likitoci har rawar jiki suke yi su sa ragar ƙarfen da ake tokare ta da ita. Kai kuwa sai ka zura siririyar waya mai auna ƙarfin jini, ka gwada na gaban matsewar da na bayanta. In na bayan ya haura tamanin cikin ɗari, jini yana wucewa, a bar mutum da magani. Wani ya taɓa ce maka ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ka ce rabin farko kawai ka yarda da shi.

Akwai abin da ka rufa mini shekara shida. Yau zan faɗa da bakina.

Mahaifina aka kwantar. Yana da ƙari a hanji, an sa ranar cire shi, sai ga ciwon ƙirji. In aka sa masa ragar, dole ya yi watanni yana shan maganin tsinka jini, a ɗaga tiyatar, ƙarin kuma ba zai jira kowa ba. Ka ce in fita, ɗiya ba ta aiki a kan ubanta. Na kafe, don taurin kaina ba baƙo ba ne a wurinka. Ka bar ni a kan na'ura.

Aikina ɗaya ne: in danna maɓalli in daidaita ma'auni biyu, na wayar da na bakin jijiya, kafin waya ta shiga ciki. Ka ce, "Sista, an daidaita?" Idona yana kan fuskar Baba, na ce, "Eh." Ban danna komai ba, ban ma san ban danna ba.

Aka sa maganin buɗe jijiya. Baba ya ce ƙirjinsa ya ɗaure, ka ce, "Yi haƙuri Baba, yanzu zai saki." Lamba ta yi ta sauka a allo har ta tsaya a saba'in da huɗu. Ƙaramin likita ya miƙa hannu a ba shi ragar.

Ka ce a dakata. Ka ja wayar baya a hankali har bakin jijiya, inda dole ta nuna ɗari cif. Ta nuna tamanin da takwas. Kowa ya san hannun wa ke nan. Ba ka ɗaga kai ba, ka ce, "Mu sake daga farko. Sista, danna in gani." Na danna. Aka sake sa wa Baba maganin, ya sake nishi saboda sakacina. Tamanin da huɗu. Ba a sa ragar ba, bayan kwana tara aka cire ƙarin.

Na jira faɗa har na gaji. Abin da ka yi kawai, tun daga ranar ka daina tambayar kowa ko an daidaita, sai dai ka ce a danna ka gani. Ƙananan ma'aikata suna cewa tsufa ne ya sa ka ƙi yarda da mutane. Na ji su, na yi shiru, kuma ina jin kunyar wannan shirun har yau.

Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, Ya sa ma'auninka ya yi nauyi. Allah Ya ba iyalinka, 'ya'yanka da 'yan uwanka haƙurin wannan rashi.

Baba ya je jana'izarka da ƙafarsa. Da ya dawo ya tambaye ni me ya sa kukana ya fi na kowa. Jiya na gaya masa.