Neman Likitan da Inna Za Ta Faɗa wa Gaskiya

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. Kunyar ɗan fari a gidanmu na Wurma ba abin wasa ba ce. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni, Inna kuwa in na shigo gida sai ta kau da kai ta ce da wanda ke kusa, "A ba baƙo ruwa." Na girma, na samu aikin koyarwa a Dutsin-Ma, na yi aure har da 'ya'ya, amma ban tashi daga baƙo ba. In tana da magana da ni, matata take faɗa wa, ko da kuwa muna kan tabarma ɗaya. Abin bai taɓa damuna ba, haka na tashi na ga ana yi.

Da kakar bara na je gida tare da matata, na tarar Inna ta rame. Wuyanta ya yi tsawo, kuma na lura da hannu ɗaya take ɗaga ƙwarya, ɗayan yana manne da jikinta. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Na ce da matata ta tambaye ta abin da ke damunta.

"Ɗan zazzaɓi ne," in ji Inna. "Mai allura shina zuwa."

Mai allura wani mutum ne da ke da shagon magani a Kurfi, yana zagaya ƙauyuka a kan babur, kowa kuma likita yake ce masa. Mutanenmu da allura suke auna likita. Wanda ya tambaye ka, ya duba idonka, ya ba ka ƙwaya, to wannan bai san aiki ba. Wanda ya soka maka allura ya rataya maka ledar ruwa a ƙusar bango, shi ne ya duba ka. Ban taɓa jin inda mutumin nan ya yi karatu ba, kuma ban taɓa jin wanda ya tambaya ba. A wannan shekarar ce wani abokin aikina ya binne 'yarsa bayan an ƙara mata ruwa a irin wannan hannu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na dawo Dutsin-Ma da niyyar nema wa Inna likita na gaske.

Akwai katin inshorar lafiya da aka ba mu a wurin aiki, yana kwance cikin jakar takarduna ban taɓa morarsa ba. Na ɗauko shi na je ofishinsu. Aka ce ana iya ƙara mahaifiya a kai, amma sai na zaɓi asibiti guda wanda za a ɗaure katin da shi. Nan za a riƙa duba mu duka, kuma su ne za su tura mu babban asibiti in ciwo ya fi ƙarfinsu. Ma'aikacin ya ce, "Ka zaɓa da kyau, Malam, canzawa tana ɗaukar lokaci." Lokacin kuwa shi ne abin da nake tsoron Inna ba ta da shi.

Na fara da wani sabon asibiti mai fenti yana ƙyalli, an rubuta a ƙofa cewa suna karɓar inshora. Na samu wani saurayi cikin farar riga, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, yana juya kujera. Bayansa a bango akwai takardar shaidar likita cikin gilashi, da ɗan hoto manne a gefe. Na cikin hoton dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ke gabana kuwa gemun ma bai gama fitowa ba. A wajenmu ka tambayi mutum shaidar karatunsa daidai yake da ka ce masa maƙaryaci, don haka sai na biyo ta kan hoton.

"Ranka ya daɗe, wanga hoton naka ne?"

"Na maigidana ne. Shina Abuja."

"Yaushe yake zuwa?"

"Ai duk ɗaya ne, Malam. Ni ke komi a nan, har tiyata ina yi."

Da fara'arsa ya faɗa, yana jin ya kwantar mani da hankali. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Na dubi matan da ke jere a benci da jarirai a baya suna jiran su gan shi, na yi sallama na fita.

Wuri na biyu likitan na gaske ne, kowa ya shaida, amma mai karɓar baƙi ta juya katin gaba da baya ta miƙo mani, ta ce sun daina karɓar irinsa. Na yi ta yawo haka bayan tashi daga makaranta, inda ke da likita ba ruwansu da kati, inda ke son kati ba likita. Ana cikin wannan matata ta je Wurma ta kwana biyu. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Malam, ba zazzaɓi ba ne. Ta hana ni wanke mata riguna, da kanta take wankewa ta shanya cikin ɗaki. Kuma akwai wani wari." Daga ranar abinci ya daina yi mani daɗi. Sai in tsaya gaban allo da alli a hannu in manta abin da zan rubuta, yara su yi ta kallona.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta fid da ni. Ta ce matambayi ba ya ɓata, ta nuna mani cewa lasisin likita sabunta shi ake yi, kuma ana iya neman sunan mutum a waya cikin rajistar likitoci. Ita ce ta kwatanta mani wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa, wanda wata likita mace ke riƙe da shi. Na je, na dubi bango, na dubi fuskarta, suka zo ɗaya. Na nemi sunanta a waya a gabanta, kunya kamar in nutse, na same shi. Ba ta ji haushi ba, dariya ma ta yi ta ce in ɗauki lokacina. Katin ma suna karɓa. Ranar na ci tuwo har da ƙari, ina ganin na gama aikina.

Sai da matata ta haɗa da roƙo da kuka kafin Inna ta yarda ta zo Dutsin-Ma. Muka ɗauko ta da hantsi, don yanzu ba mai son la'asar ta same shi a wannan hanya. Da aka kira mu a asibiti, na miƙe da kati a hannu, na sa Inna a gaba muka shiga. Ni na yi wahalar neman wurin, ni na iya Turanci, to wa zai shiga in ba ni ba? Matata ta zauna waje da goyo.

"Inna, mi ke damunki?" in ji likita.

"Lafiya lau, ɗiyata. Ɗan zazzaɓi ne. A yi mani allura in tafi."

Na karɓi zancen na yi ta zuba: ta rame, ba ta cin abinci, ba ta barci. Likita ta auna jininta, ta duba idonta, ta ce a ɗaga hannu, Inna ta ce ai sanyi ne ya riƙe kafaɗar. Duk abin nan fuskarta na wajen bango, ta ja mayafi ta dunƙule a ƙirji. Likita ta ɗauki biro za ta rubuta gwajin zazzaɓi. Har ta fara, sai ta tsaya ta dubi Inna, ta dube ni.

"Malam, kai ne na nawa a wurinta?"

"Na fari."

Ta ajiye biron. "To fita. Turo mani matarka."

Na fita na zauna a gindin darbejiyar da ke ƙofar asibitin, a nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Da likitar nan ba ta yi wannan tambaya ba, da mun koma gida da maganin zazzaɓi daga hannun likita ta gaske, mai lasisi na gaske, kati kuma ya biya, ni kuma in kwanta da minshari ina cewa na kai uwata asibiti. Na duba takardun kowa a garin nan, ban taɓa tunanin cewa zamana a ɗakin shi ne zai rufe mata baki ba. Mai allura ma ashe zazzaɓi kawai aka taɓa faɗa masa, don shi ma namiji ne, kuma sa'an ɗanta.

An daɗe kafin matata ta fito, idanunta sun yi ja. Ta nuna mani ƙofar likita da kai. Likita ta sa an kai Inna wani ɗakin, ni kaɗai ta zaunar. Ta ce ƙari ne a nono, ya daɗe, har ya fashe, Inna tana ɗaure shi da tsumma da garin magani. Ta ce wannan ya fi ƙarfin asibitinta, za ta tura mu Katsina a yi gwaji, kuma mai yiwuwa sai an cire nonon. Na tambaye ta ko za ta warke. Ta ce ba za ta yi mani alkawarin abin da ba ta sani ba, amma kada mu ƙara ko da mako guda a gida. Har na kai ƙofa ta kira ni. "Malam, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A can ma ka riƙe kati ka tsaya waje, matarka ta shiga."

Washegari da sassafe muka ɗauki shatar mota. Na zauna gaba kusa da direba, su biyu a baya. Da muka wuce Kurfi na hango Inna ta madubi tana bin hanyar gida da kallo. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"An ce cirewa za su yi?"

"Sai sun gwada tukuna, Inna," in ji matata.

Motar tana ta faɗawa ramuka. Sannan Inna ta ce, "Ki gaya mashi na hagun ne. Shi ya fi so da shina jariri. In na ba shi na dama sai ya yi ta kuka."

Matata ba ta gaya mani ba, ta san na ji. Ban taɓa sanin Inna tana riƙe da wani abu nawa a ranta ba sai ranar da za a kai ta inda ban san ko za ta dawo ba. Hawaye suka zubo mani har kan rigata, direba ya yi kamar bai gani ba. Ban juya ba, don na san in na juya za ta yi shiru. Na ci gaba da kallon titi ina jira ko za ta ƙara wata magana, har muka shiga Katsina ba ta ƙara ba.